Ka auna shagonka a watan Safar, bayan alhazai sun tafi

Kwana kaɗan bayan alhazai sun gama watsewa, ɗan ƙanwata ya same ni a gida bayan la'asar, fuskarsa sai ƙyalli take yi. Yana da shagon tsaraba a Misfala, can ciki, nesa da bakin titin Ibrahim Khalil: dabino, carbi, dardumar salla, turare, abaya da jallabiya. Ko shayin da aka kawo masa bai kurɓa ba ya ce, "Kawu, bana Allah ya buɗa. Maƙwabcina zai saki shagonsa, ina so ka ƙara mini riyal 50,000 in kama."

Na ce, "Allah ya ƙara buɗi. Ka bari sai Safar, zan zo shagon da kaina."

Ya ɗauka dabarar hana shi ce. Ni kuwa na fi shekara ashirin ina riƙe wa masu shaguna lissafi a nan Makka, yawancinsu 'yan'uwanmu na Misfala da Shara Mansur, kuma na daɗe da gane cewa musim, wato lokacin cikar baƙi, yana rufa wa shago asiri. A goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin aikin hajji, ko shagon da ke kan gargara kuɗi yake shaƙa. Durowa cike, mai shago yana barcin awa uku yana jin kansa attajiri. In kana son sanin gaskiyar shagonka, ko na wanda ke neman kuɗinka, ka duba shi lokacin da layin ya yi tsit, yaron shago yana hamma yana latsa waya. A wurinmu lokacin nan Safar ne. Mai shago a Jidda ko Madina ya san nasa watan.

Ranar da za ka yi wannan aiki, ka ja ƙofa bayan azahar, ka tara abu huɗu a kan tebur: bayanin asusun banki na wata goma sha biyu, rasitan sari, daftarin bashi, da takardar haya. Wanda ya ce maka "ai duk yana kaina", ka riga ka ga ciwo na farko.

Ka fara da cinikin shekara cur. Abin da ya shigo ta shabaka, wato na'urar katin mada, banki ya riga ya rubuta maka. Tsabar kuɗi ce mai ƙafa, ita za ka sha wahalar bin sawu. In ka samu jimlar, abu na farko da za ka fitar shi ne dariba, wato harajin VAT da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya. Harajin nan ya fara a Janairun 2018 da kashi 5 cikin 100, ya koma kashi 15 ranar 1 ga Yulin 2020, kuma duk wanda cinikinsa na shekara ya haura riyal 375,000 dole ne ya yi rajista. Har yau ina ganin masu shago suna ƙirga shi cikin ribarsu. In ka sayar da abaya riyal 115, riyal 15 ɗin nan ajiya aka ba ka. Za a cire maka abin da ka biya wajen sari, ka miƙa ragowar. Hanya mafi sauƙi ita ce ka raba jimlar ciniki da 1.15, ka yi wa jimlar sari haka, sannan ka ci gaba da lissafi da abin da ya fito.

Ga yadda na ɗan ƙanwata ya kasance da na je shagonsa a Safar. Ciniki riyal 460,000, da aka fitar da dariba ya koma 400,000. Kayan da aka sayar ɗin an saro su a kan 260,000, saura 140,000. A nan ya gyara zama yana murmushi. Na ce ya dakata. Haya 55,000. Yaron shago da duk abin da ake biya a kansa 36,000. Wuta, jigila, leda, kuɗin shabaka da sabunta takardu 13,000. Abin da ya rage 36,000, wato 3,000 a wata.

Na ce, "Nawa kake kai wa gida?"

Ya ce, "Kawu, ni ai ba na ɗaukar albashi, shagona ne."

Wannan magana ta karya mutane da yawa. Muka zauna muna bin abin da yake zara daga durowa: cefane, man mota, madarar jinjiri, gudummawar biki, ɗan abin da ake tura wa dangi a Kano. Ya kai 4,000 a wata, 48,000 a shekara. Shago yana haifar 36,000, mai shi yana cin 48,000. Ke nan a shekarar da ya kira shekarar buɗi ya ɗebi 12,000 daga jari bai sani ba. Ka yanka wa kanka albashi, ka riƙa ɗauka rana ɗaya a wata, ka buɗe wa gida asusunsa dabam. In shagon ba zai iya biyanka abin da za ka biya wani ya tsaya a madadinka ba, to kai ne yaron shago mafi arha a layinku.

Daga nan sai kaya. A nan nake daɗewa, domin a nan kuɗi suke kwanciya su yi barci. Ka hau tsani ka sauko da na saman kanta, ka shiga sito ka buɗe katan ɗin da ke ƙasa. Ni da yatsa nake aunawa: in na shafa leda ƙura ta biyo ni, na san kayan sun ga Ramadan biyu. A shagon yaron nan mun tarar da abaya fiye da ɗari masu adon duwatsun da yayinsu ya wuce, da katan-katan na dabinon bara da ya fara ƙwari, da carbi mai lantarki da ya saro don ya ga wani ya sayar. A daftari kayan shagon riyal 90,000 ne. Da muka yi musu kuɗin da za a iya sayensu yau, da ƙyar suka kai 55,000. Kada ka rubuta wa kwantai kuɗin da ka saye su, ka rubuta abin da mutum zai zaro ya ba ka yanzu.

Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da cewa ɗan kasuwa mai jujjuya kaya, wanda suke kira mudir, duk shekara yakan ƙimanta hajarsa da farashin ranar, ya haɗa da tsabar da ke hannunsa da bashin da yake sa ran samu, ya fitar da kashi 2.5 cikin 100 in ya kai nisabi. Wanda yake lissafin zakkarsa tsakani da Allah, kusan rabin aikin nan ya riga ya yi shi.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na masu tsaraba yana da nasa hali. Jagoran alhazai zai kwashi jallabiya ya ce in ya isa gida zai turo. Hajiya da ta saba da kai shekara biyar za ta ce ka rubuta. Ka raba daftarin gida uku: wanda yake biya a kan lokaci, wanda sai an bi shi da waya, da wanda ya shekara bai ce uffan ba. Na farko ka ƙirga shi duka, na biyu rabi, na uku ka ja masa layi a lissafi ko da za ka ci gaba da tuntuɓarsa. Ka kuma duba da wane kuɗi aka ƙulla bashin. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta yi ƙasa sosai. Wanda ya yarda a biya shi da naira ya tafka asara, wanda ya ce sai riyal kuma mai bashin ya kasa haɗawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu ce kunya.

Bashin da ake binka kuwa ka rubuta shi cif, har da ranar biya: 'yan sari, adashin da ka riga ka kwasa, banki, kuɗin motar da kake biya wata-wata. Ka ciro rahotonka na SIMAH, kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane, ka karanta, domin duk mai ba da rance shi zai fara dubawa.

Yanzu tambayar da ta fi hana ni barci: in aka wayi gari babu mai saye ko ɗaya, wata nawa shagon zai yi yana numfashi? Da can in na yi wannan tambaya dariya ake yi mini, a ce Makka ce fa, baƙin Allah ba sa yankewa. Sai ga annobar korona a 2020. A ƙarshen Fabrairu aka dakatar da masu umara daga waje, hajjin shekarar mutane ƙalilan na cikin ƙasa suka yi, ba a sake buɗe umara ba sai Oktoba. 'Yan'uwanmu na Jidda kuma sun ga rusau na 2022 a unguwanni irin su Sabil da Hindawiyya da Kandara, inda mai shago ya tashi abokan cinikinsa sun watsu kowa ya kama gabansa. Ka haɗa abin da dole ka biya kowane wata ko an saya ko ba a saya ba, har da na gida, ka raba tsabar da kake da ita a kai. Yaron nan yana buƙatar kusan 12,700 a wata, a hannunsa akwai 20,000. Wata ɗaya da rabi. Ni ƙasa da wata uku ba na kiran shago lafiyayye, mai dogaro da musim kuwa na fi so in ga shida.

Akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Musim yana bin watan Musulunci, yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, haya kuwa in da watan miladiyya aka rubuta ta, tana nan inda take. Ranar biyan da bana ta faɗo bayan hajji aljihu cike, in ka yi shekaru a shagon za ka ga ta yi nisa da musim, ta same ka aljihu ya huce. Ka ɗora kalanda biyun kusa da juna ka duba.

Takardu ba zan ja su da nisa ba. Sijil, wato rajistar kasuwanci, da lasisin baladiyya, wato hukumar gari, su kasance da rai, hayar a rubuce a manhajar Ejar, rasit kuma na na'ura ne tun 4 ga Disamban 2021. Abu ɗaya ne zan tsaya a kai. In shagon da sunan wani yake, kai kana biyansa wani abu a wata don ya ara maka suna, wannan shi ne tasattur, kuma hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ko hukuma ba ta zo ba, ranar da mai sunan ya rasu magadansa za su zo. Irin wannan shago ba na ɓata lokacin auna ribarsa, kuma ba na sa sisina a ciki.

Saura mai shagon kansa. Kafin in koma aikin lissafi na riƙe wurin tsire, wanda mutanen Hijaz suke kira siriya, kuma yana ciniki har a yi layi. Ni nake zuwa sayen nama, ni nake haɗa ƙuli da yaji, ni nake riƙe kuɗi, ban yarda kowa ya san awon ba. Ciwon sukari ya kwantar da ni mako uku a asibiti. Na fito na tarar yara sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ɗanɗano ya canza, mahauci ya daina ba da nama bashi don da ni kaɗai ya saba, masu saye sun koma gaba. Cikin wata huɗu na rufe wurin. Tun daga nan nake ce wa duk mai son ƙara shago ya fara yin tafiyar kwana goma zuwa Madina ko Ɗa'if, ya hana kansa kiran waya, ya dawo ya ga abin da ya tarar. Wanda shago ɗaya ba ya tafiya sai yana tsaye, in ya buɗe na biyu wa zai tsaya a na farko?

Sannan in yi masa tambayoyi a tsaye, ba ya duba takarda. Kaya biyar da suka fi tafiya, nawa kake samu a kowanne? Yaushe rabonka da auna sukari da hawan jini? Uwargida ta san nawa ake binka? Ka taɓa ce wa ɗan'uwa a'a a kan kuɗin shago? Ɗan ƙanwata ya amsa ta farko da kyau, har ya ba ni mamaki, domin ya san ribar kowane kwalin dabinon sukkari da ajwa. A ta ƙarshe ya yi shiru yana wasa da carbi. Da na tambaye shi me ya sa yake son shagon maƙwabcin, ya ce yana tsoron wani ya kama ya sa irin kayansa.

Na ce, "Ɗana, kuɗin suna nan, amma ba bana ba. Ka karya farashin abayoyin nan su fita, ka yanka wa kanka 3,000, ka daina bai wa jagororin alhazai kaya sai da rabin kuɗi a hannu. In Allah ya kai mu Safar mai zuwa na tarar da kuɗin wata huɗu a asusu, ni da kaina zan raka ka neman shago."

Da daddare uwarsa ta kira ni. "Yaya, yanzu ɗan naka za ka hana?" Na ce ta tambaye shi abaya nawa muka sauko da su daga saman kanta. Shagon maƙwabcin wani ya kama, yana sayar da caja da rigunan waya. Makon jiya na bi ta layin na hango abayoyin a rataye a ƙofa, an rubuta 25 a jikin kwali da alƙalami ja, wasu mata biyu suna ɗagawa suna neman ragi.