Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙwaron Wake da Gilashi Mai Ninka Girma Sau Biyar

A gidan kawuna, wani ƙauye kusa da Ringim, na fara wannan aiki, lokacin da ƙwari suka shiga buhunan wakensa. Ƙwaron da ke huda wake bai fi milimita uku ko huɗu ba, kuma yana manna ƙwansa a bayan ƙwayar waken. So nake manomi ya ga abokin gabansa ido da ido. Gilashin da na ɗaura wa kyamara shi ne Canon MP-E 65mm, wanda ya fito a 1999, mai ninka girman abu daga sau ɗaya zuwa sau biyar. A ninki biyar, kyamara mai sensa (farantin cikinta da hoto ke sauka a kai) mai faɗin milimita 36 ba ta ganin fili da ya wuce milimita 7 da 'yan kai. Ƙwayar wake ɗaya ta cika hoto.

Da farko kada ka zarce ninki biyar. Tsaya a biyu har hannunka ya faɗa, domin ko gano inda ƙwaron yake aiki ne. Kakan leƙa ka ga duhu kawai, alhali yana gabanka.

Sai wurin aiki. Shiga ɗaki mai daɓe, ka rufe taga saboda iska. Ni turmi nake kifewa in mayar da shi teburi, don nauyinsa ba ya bari ya motsa. In ɗora ƙaramin buhun yashi, in kwantar da kyamara a kai. A wannan ninki numfashinka ma girgiza ne. Ranar farko na ɓata hotuna da yawa ban san dalili ba, ashe injin niƙa ne a maƙwabta ke kaɗa ƙasa. Tun daga nan sai an kashe shi nake farawa. Ka sa jinkirin daƙiƙa biyu a kyamara, don yatsanka ya bar maɓalli kafin ta ɗauka.

Saita gani shi ne uwar wahala. Wannan gilashi ba shi da zoben fokas irin wanda ka saba. Juya zoben da ke jikinsa ninki kawai yake canzawa. Kyamarar ce gaba ɗaya za ka matsar gaba ko baya, shi ya sa ƙaramar reli mai dunƙulen juyawa take da amfani. A ninki biyar, idan ƙofar haske, wato kafar da haske ke shiga gilashi, tana f/2.8 (lambar na ƙaruwa, kafar na tsukewa), zurfin da ke fita tas kusan milimita 0.05 ne, kamar kaurin silin gashi. Idon ƙwaro ya fita, gashin bakinsa ya narke, bayansa ya zama hazo.

Zuciya za ta ce ka tsuke ƙofar zuwa f/16 don zurfin ya ƙaru. Kada ka biye mata. Lissafin shi ne: lambar ƙofa sau ninki da aka ƙara wa ɗaya. Wato f/16 a ninki biyar f/96 ce a zahiri, kuma haske idan ya bi ta ƙanƙanuwar kafa irin wannan watsewa yake yi, hoton duka ya yi laushi. Ni f/4 nake tsayawa, in na matsa f/5.6.

To ina za a samu zurfi? Tara hotuna ake yi. Ka saita a kan abin da ya fi kusa da kai, ka ɗauka, ka juya reli ɗan ƙiris, ka sake ɗauka, har ka ratsa ƙwaron daga kai zuwa gindi. Zurfin milimita biyu zai ci hoto arba'in ko fiye. Sannan manhajar Zerene Stacker ko Helicon Focus ta tsinto wurin da ya fita a kowanne ta haɗe su hoto ɗaya. Idan ka tsallake taki guda, za ka ga zirin hazo a tsakiyar jikinsa, kuma babu gyara sai sakewa. Ƙwaro mai rai ba zai jira ka ba, don haka ka koya da matacce daga gindin buhu. Mai rai sai da asubar hunturu, sanyi ya daskarar da shi.

Haske kuma, tsakanin bakin gilashi da ƙwaro santimita huɗu ne kacal, gilashin da kansa yana tare hasken. Filas dole ne, amma tsiraransa yana sa bayan ƙwaro ƙyalli. Yanke gindin farin kofin roba ka kewaye ƙwaron da shi, ka haska ta waje. Tocilan waya ta ishe ka saiti. Ka cika batura da rana a wurin mai cajin sola, domin filas arba'in a jere yana shanye su.

Ƙurar hunturu kuwa, wadda ba ka gani a hoton biki, a nan fitowa take baƙi ƙirin, kuma bayan tara hotuna takan ja layi kamar tsutsa. Kada ka cire gilashi a tsakar gida. Ka hure sensa da ƙaramin famfon roba kafin ka fara, ka share ƙwaron da burushi mai laushi, in ba haka ba ƙwayar ƙura ɗaya za ta zauna a idonsa kamar dutse.