Darasi na 9: Manuwal ko otomatik, wacce ta fi dacewa da jan karaban?

To 'yan uwa, darasinmu na yau a kan giyar mota ne, wato idan mutum zai ja karaban da motarsa wace iri ya kamata ya nema, ta hannu da ake ce wa manuwal ko mai canza kanta da ake ce wa otomatik. Ga wanda bai san karaban ba, ɗaki ne na tafi-da-gidanka mai tayoyi, a ciki akwai gado da wurin girki, wani ma har da ɗan banɗaki, amma ba shi da inji sai dai a maƙala shi a bayan mota a ja. Abin da za mu koya kuma ya shafi kowace tirela mai nauyi, ba karaban kaɗai ba.

Nauyi tukuna, giya daga baya

Mutane da yawa da gardamar giya suke farawa, alhali akwai tambayar da ta riga ta: motar ma an yarda ta ja wannan nauyin? Ku buɗe ƙofar gaba ku duba jikin ginshiƙi, ko ku ɗaga bonet, a yawancin motoci za ku ga wani ɗan allon ƙarfe ko sitika mai lambobi. A motocin da aka ƙera don Turai lamba ta farko ita ce iyakar nauyin motar da mutane da kaya, ta biyu kuma iyakar mota da abin da take ja gaba ɗaya. Misali in ta farko kilo 2,100 ce ta biyu 3,700, ku cire ta farko daga ta biyu, saura 1,600, to kusan iyakar abin da za ta ja kenan in an cika ta. Sai ku tabbatar a littafin motar, don wani lokaci mota iri ɗaya ce, inji ɗaya, amma iyakar mai manuwal daban ta mai otomatik daban.

A Turai sai mota ta iya tashi da tirelar a bayanta a kan hawa mai tudun kashi 12 cikin 100, wato duk mita 100 da aka tafi an hau sama mita 12, sau 5 cikin minti 5, kafin a amince da wannan lamba. Tirelar da ba ta da birkin kanta kuwa ba a yarda ta wuce kilo 750 ba. A Ingila ana ba sabon shiga shawarar kada karaban da kayansa ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar ba kaya, wato motar kilo 1,600 ta tsaya a 1,360. Shawara ce ba doka ba, amma gaskiya ina son ta, don in abin da ke baya ya fi na gaba nauyi shi zai riƙa juya motar.

Ina zafin yake zuwa?

Nan ne zuciyar darasin, ku natsu. Lokacin da mota take tsaye inji yana juyawa amma taya ba ta juyawa, to kafin su daidaita dole wani abu a tsakiya ya ɗan zame, kuma duk abin da ke zamewa yana goguwa zafi yake yi. Ku murza tafin hannunku biyu da ƙarfi za ku ji. A manuwal abin da ke zamewa shi ne kuloci, wani faifai ne mai fata irin ta birki da yake manne wa faifan ƙarfen da inji ke juyawa. In mota ita kaɗai ce, cikin ƙiftawar ido ya kama an wuce, amma in an ɗora mata kilo dubu da wani abu a baya sai ka daɗe a haf-kuloci kana ba da totur kafin ta motsa, duk wannan lokacin fatar tana cinyewa.

Na taɓa tsayawa ina yi wa wani direba jagora zai shigar da karaban wani matsattsen wuri da ribas, wurin kuma da ɗan tudu, ya shiga ya karkace ya fito, ya sake shiga ya sake fitowa, ƙafarsa ta hagu na kan kuloci har tana rawa, a karo na huɗu sai wani wari ya taso kamar na ƙonannen birki mai hawa kai, ga ɗan hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin mota. Direba ne mai hannu fa, ba ɗan koyo ba, amma giyar ribas ɗin ta yi masa sauri, dole sai da haf-kuloci zai tafi a hankali. Muka kashe inji muka jira ya huce. In kun ji irin wannan warin ku ma haka za ku yi, kar a ce bari in ƙarasa.

Otomatik na asali ba shi da wannan faifan wajen tashi, yana da wani abu da makanikai ke ce wa kwambata. Ku ɗauka fanka biyu ne suna fuskantar juna cikin tukunya cike da mai, inji yana juya ɗaya, ita kuma ta tura mai ya juya ɗayar. Babu fatar da za ta cinye, kuma wajen tashi har ƙara ƙarfin juyi yake yi, shi ya sa a kan hawa ko cikin cunkoso ko wajen ribas sai dai ka saki birki kaɗan kaɗan motar tana rarrafe, hannu biyu na kan sitiyari, hankalinka na kan madubi. Amma fa zafin bai ɓace ba, cikin man giya ya koma. Mai in ya daɗe yana ɗaukar zafi yakan lalace, galibi ja ne, sai ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙuna, daga nan giyabos ya fara sulɓewa, gyaransa kuwa ya fi canjin kuloci wahala nesa ba kusa ba. Don haka mai jan kaya da otomatik ya tambaya ko motarsa tana da ƙaramin lagireto na sanyaya man giya, in babu ana iya ƙara mata, kuma ya riƙa canza man da wuri, don littattafan motoci da yawa suna lissafa jan tirela cikin aiki mai tsanani.

Ba duk otomatik ne ɗaya ba

A nan ake yawan yin kuskure. Mutum ya ga feda biyu ne a ƙasa sai ya ce shi kenan otomatik ce. Akwai mai kwambata da muka yi bayani. Akwai mai kuloci biyu, irin DSG na Volkswagen, wannan a ciki kuloci ne na gaske sai dai kwamfuta ce ke taka shi, a kan buɗaɗɗen titi lafiya lau, amma in ana ta rarrafe da nauyi yana iya ɗaukar zafi har ya kunna fitilar gargaɗi, musamman wanda kulocinsa busasshe ne ba a cikin mai yake ba. Sai CVT mai aiki da bel, wasu daga cikinsu iyakar da aka ba su ƙarama ce. In mai sayarwa ya ce otomatik ce, ku ce masa wace iri?

Gangara

Hawa yana wahalar da giya, gangara kuma birki take wahalarwa, kuma ita ta fi haɗari. In ka ɗora ƙafa a birki tun daga saman dutse har ƙasa zai yi zafi ya daina kamawa yadda ya kamata, ga karaban yana turo ka ta baya. Mai manuwal sai ya sauko giya ta uku ko ta biyu tun kafin ya fara gangarowa inji ya riƙe motar, a nan kam manuwal tana da daɗi don giyar da ka sa ita za ta zauna. Otomatik ma yana yi, sai dai kar a bar shi a D kawai, a mai da shi 3 ko 2 ko L, ko a yi amfani da alamar + da - in akwai, wasu motocin ma suna da maɓalli na musamman don jan kaya. Ko wace iri ce kar a kuskura a sa firi a gangara. In za a tsaya a kan tudu da otomatik a fara jan birkin hannu kafin a sa P, don ɗan ƙaramin ƙarfe ne yake kulle giyar a P, bai kamata nauyin mota da karaban ya rataya a kansa ba.

Ni dai in sabon shiga ya tambaye ni, otomatik mai kwambata zan ce ya nema, in dai iyakar nauyinta ta kai kuma man giyarta yana samun sanyi, saboda jan karaban ya riga ya ishi mutum tunani, ga faɗi ga tsawo ga iska tana kaɗa shi in babbar mota ta wuce. Wanda kuma ya riga yana da manuwal mai ƙarfi, ƙafarsa ta san kuloci, tafiyarsa ta dogon titi ce, ba sai ya sayar da ita ba, ya dai koyi tashi a hawa da birkin hannu, in kuma motar mai ƙaramar giyar 4L ce, wato giyar rarrafe ta motoci masu ja da taya huɗu, ya yi ribas da ita matuƙar littafinta ya yarda da hakan a irin ƙasar da yake takawa.

Aikin da za ku yi kafin darasi na gaba: ku nemi mota ɗaya, taku ko ta wani, ku kwafo lambobi biyun farko na allon nan a littafinku ku cire ta farko daga ta biyu. Sannan ku lissafa wannan: mota nauyinta kilo 1,400 ba kaya, karaban da kayansa kilo 1,300, ya wuce kashi 85 cikin 100 ko bai wuce ba, kuma da kilo nawa?