Yadda Ake Riƙe Ofishin Tara Gudunmawa da Hulɗa da Tsofaffin Ɗalibai a Jami'a

Duk wanda aka damƙa wa wannan ofis, abin da zai fara nema shi ne kundin sunayen waɗanda suka kammala karatu. Ka je ofishin magatakarda ka karɓo sunaye, tsangaya da shekarar fita, sannan ka bi ƙungiyoyin 'yan aji ɗaya na WhatsApp ka cike lambar waya da wurin aiki. Kada ka saka bayanan kowa sai da yardarsa, domin a Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka.

Galibi daga nan ake shiga sana'ar, ko daga shirya taruka, komai digirin da mutum ya yi. Bayan wasu shekaru sai a ba shi manyan masu bayarwa ya kula da su, wajen mutum 100 zuwa 150, kafin ya kai darakta. Ƙungiyar CASE ta masu tara wa makarantu gudunmawa, wadda aka kafa a Amurka a 1974, tana horar da masu wannan aiki.

Mafi yawan kuɗin daga hannun mutane kaɗan yake fitowa. Attajirin Amurka Michael Bloomberg shi kaɗai ya ba jami'ar Johns Hopkins ta ƙasar dala biliyan 1.8 a 2018 don tallafa wa ɗalibai, kamar yadda Alhaji Aliko Ɗangote ya gina makarantar koyon kasuwanci a Jami'ar Bayero. Irin wannan kyauta takan ɗauki shekara ɗaya ko biyu ana zumunci. A gayyato mutum ya ga ɗakin gwaje-gwajen da idonsa, a ji abin da ke ransa, sannan shugaban jami'a da kansa ya je masa da buƙata guda, da adadinta. Idan ana neman naira biliyan ɗaya, a samu kusan rabi a hannu ko a rubuce kafin a sanar wa duniya.

A nan ake yawan faɗuwa. A kira taron ƙaddamar da gidauniya, a yi ta shelar miliyoyi ana tafi, bayan wata shida ba a karɓi ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Dalili kuwa shi ne babu takarda. Kowane alkawari a rubuta shi: nawa ne, sau nawa za a biya, a wace rana, don wane aiki. A ware ma'aikaci ɗaya mai bibiya. Kuɗi ya shiga asusun jami'a kai tsaye, rasit da wasiƙar godiya su fita cikin kwana biyu. Wanda ya bayar don ɗakin karatu kuma, ko albashi ya makara, kada a taɓa kuɗinsa. Idan aka taɓa, ranar da labarin ya fita, 'yan ajinsu duka za su janye hannu.

Asusun wakafi ba a cin uwar kuɗinsa. Ana juya shi, a riƙa kashe kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a shekara, kuma kowane mai bayarwa a aika masa rahoton shekara da sunan aikin da hotonsa.

Kada a biya ma'aikaci la'ada daga abin da ya tara, domin zai matsa wa mutane lamba. Sannan darakta ya bi kadin takardun sakamakon tsofaffin ɗalibai: wanda ya yi wata takwas yana zirga-zirga kafin a ba shi takardarsa, da wuya ya ɗaga wayar ofishinka.