Yadda Na Magance Fason Ƙafar Mahaifiyata

Sanyin hunturun Jos ya sa dugadugan Hajiya, mai shekara 74, suka yi faso har da jini, amma ba ta ji zafi ba, domin ciwon suga yana dakushe jijiyoyin ƙafa. Likita ya duba raunin, ya kuma hana ta kankare kaushi da reza. Daga nan, kullum bayan isha'i nakan wanke mata ƙafa da ruwa mai ɗumi wanda na gwada da gwiwar hannuna, in tsane tsakanin yatsu sosai, in shafa man kaɗanya a dunduniya kawai.

Raba ta da silifas ne ya fi ba ni wuya. Sai da jikarta ta lallashe ta kafin ta yarda da safa da rufaffen takalmi. Cikin mako uku fason ya rufe.