Yadda zaka sayi tsohuwar motar soja ka tada ta

In kana sha'awar irin motocin nan na soja da ake gwanjonsu, Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi ko Mercedes 911, to fara da takarda kafin ka kalli inji. Takardar gwanjo da rasit, kuma lambar shasi ta dace da wadda ke rubuce, in babu to ka barta ko nawa aka rage maka wallahi.

Sai ka tafi da makanikenka mai aikin manyan motoci, ku shiga ƙarƙashinta da tocila ku bi shasin kuna ƙwanƙwasawa da guduma, musamman wajen sifirin inda tsatsa ke ci, in kaga tsohuwar walda a tsakiyar shasi mai yiwuwa mota ta taɓa karyewa kenan. Motar da ta shekara a ajiye kar ka yi gaggawar tada ta, a juye tsohon gas a wanke tanki, a canja bakin mai da filta, a duba lagireto da tiyon birki don roba na tsagewa da zafin nan namu. Ni 911 na fi so saboda kayanta na samuwa, abin da babu a Gusau zaka samu a kasuwar Panteka ta Kaduna.

Fenti kuwa dole ne, doka ta hana farar hula amfani da kalar soja a mota, balle yadda tsaro yake a Zamfara yanzu. Ka kankare koren gaba ɗaya, ka cire duk wani tambari, kayi mata rajista da lamba kafin ta hau titi.