Kurakuran da ke hana ɗalibai samun lamunin NELFUND, da yadda za a gyara su

Tun da aka buɗe shafin neman lamunin karatu na NELFUND, hukumar gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu, a ranar 24 ga Mayun 2024, koken da aka fi ji a bakin ɗalibai shi ne: na cike, amma har yau shiru. Wani ma shafin ne ke ce masa ba a san da shi ba, alhali yana aji uku a jami'a. Abin da ke ba ni takaici shi ne, yawancin waɗannan matsaloli ba a shafin aka haife su ba. Sun samo asali ne tun shekarun baya, ranar da aka yi wa yaro rajistar JAMB ko aka buɗe masa asusun banki, kuma can ne za a koma a gyara su.

Babbar matsalar ita ce saɓanin suna. Hukumar tana gwada bayanan da ka ba ta da abin da ke cikin NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), da BVN (lambar tantancewa ta banki), da JAMB, da kuma kundin makarantarku. Mu kuwa mun san yadda sunayenmu suke. A takarda ɗaya Muhammad, a wata Mohammed, a ta uku Moh'd. A firamare an rubuta ka da sunan mahaifi, a sakandare aka ƙara sunan gari, banki kuma ya juya su ya sa na ƙarshe a farko. Ɗaliba ta yi aure ta sauya suna a banki, ta bar na JAMB yadda yake. Ga kuma ranar haihuwa, wadda da yawa aka cike musu 1 ga Janairu a wani wuri don kawai a wuce wurin. Mutum zai duba ya gane duk kai ne, kwamfuta ba za ta gane ba.

Don haka kafin ka taɓa shafin, baza takardun nan a gabanka ka karanta su harafi bayan harafi. In ka manta lambobinka, danna *346# don NIN, *565*0# don BVN, da layin da ka yi rajista da shi. In ka ga saɓani, nemi takardar da ta fita daban da sauran ka gyara ita kaɗai. Gyaran NIN a hukumar NIMC ake yi, ana kuma biyan kuɗi. Gyaran BVN sai ka je bankinka da kanka, galibi su nemi takardar rantsuwa ta kotu. Shawarata, in zai yiwu ka karkata komai zuwa ga sunan da ke JAMB da makaranta, domin shi ne zai fito a takardar digirinka, shi ne kuma za a nema lokacin bautar ƙasa. Gyaran nan yana cin lokaci, kada ka bari sai wa'adin rufe shafi ya ƙarato.

Sai waɗanda shafin ke ce wa babu bayanansu. A nan ɗalibai kan ɓata makonni suna sake gwadawa, ko su buɗe sabon asusu da wani imel, abin ya ƙara dagulewa. Ita hukumar ba ta sanin kai ɗalibi ne sai makarantarku ta ɗora mata sunanka, da lambar rajistarka, da ajinka, da adadin kuɗin da za ka biya. In ba a ɗora ba, ko an ɗora da kuskure, ba abin da za ka danna ya yi aiki. Tashi ka je ofishin kula da harkokin ɗalibai ko sashen kwamfuta, ka tambayi jami'in da ke riƙe da aikin NELFUND, ka roƙe shi ya nuna maka abin da aka shigar. Wani lokaci lamba ɗaya ce ta goce. Akwai kuma waɗanda makaranta ta ba gurbi ba ta CAPS ba, wato tsarin JAMB na ba da gurbin karatu, ba su da takardar samun gurbi daga JAMB. Wannan babbar magana ce da ta wuce lamuni, domin za ta tare su a ƙofar bautar ƙasa, gara su je ofishin JAMB na jiharsu tun yanzu. A tuna kuma, lamunin na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jihohi.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne miƙa wa mai shagon kafe komai a tafi. Ba laifi ba ne a nemi taimako, ba kowa ke da babbar waya ko data ba. Amma ka zauna kusa da shi, ka tabbata imel ɗinka da lambar wayarka ya sa, kuma kalmar sirrin tana hannunka. Duk saƙon da hukumar za ta aiko ta nan zai bi, kuma wannan asusun za ka sake buɗewa baɗi. Neman lamunin kyauta ne, babu dillali a tsakani. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu ya sa a hanzarta maka, ɗan damfara ne. Adireshin hukumar nelf.gov.ng ne, kada ka shigar da BVN ɗinka a wani mahaɗi da aka turo a WhatsApp.

Lamunin kashi biyu ne, nan ma ana ruɗewa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ba zai shigo asusunka ba. Alawus na naira 20,000 a wata shi ne naka, kuma sai ka nema ake ba ka. Sa asusun banki mai sunanka, wanda ke haɗe da BVN ɗinka, ba na yayanka ba. A 2025 hukumar ta buƙaci waɗanda suka sa asusun manhajojin waya su sauya zuwa na bankunan kasuwanci kafin a ci gaba da biyansu. In kuwa ka riga ka biya kuɗin makaranta kafin lamunin ya iso, makarantar ce za ta mayar maka. Adana rasit ɗinka, ka rubuta wa ofishin kuɗi takarda, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Kuma kowace shekarar karatu sai an sake nema, ba ya sabunta kansa.

Akwai iyayen da har yanzu ke hana 'ya'yansu nema saboda labarin tsohuwar doka ta 2023, mai sharaɗin kawo masu tsaya wa mutum da iyakance kuɗin shigar iyali. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Afrilun 2024 ta cire waɗannan. Babu kuɗin ruwa a ciki. Amma bashi ne, ba tallafi ba, kuma masu cewa kuɗin gwamnati ne a ci kawai suna cutar da ƙannensu da za su nema a gaba. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Wanda bai sami aiki ba zai iya neman ƙarin lokaci da takardar rantsuwa, yin ƙarya a cikinta kuwa laifi ne da doka ta tanadar wa hukunci. In za ka iya riƙe kanka ba tare da alawus ba, nemi kuɗin makaranta kaɗai, abin da za a cire maka nan gaba ya ragu.