Yadda na gyara matsalar fesa zane a Jet Set Radio

Tun da na saka sabon zubin wasan bidiyon Jet Set Radio na 2012 a kwamfutata, gudu da takalmin taya bai taɓa ba ni matsala ba, amma da zarar na tsaya fesa babban zane, sai wasan ya ƙi karɓar juyin sandar hannun wasa (controller) da kibiyoyin kan allo suke nunawa, har 'yan sanda su cim mini. Na sake saka wasan, na canza wayar USB, duk a banza.

Ashe sandar hagu ta hannun wasana ce ta saki, tana karkata dama da kanta. Na shiga sashen Controller a saitin Steam, wato manhajar wasannin kwamfuta da nake buɗe wasan da ita, na faɗaɗa da'irar tsakiya wadda ba a lissafa motsi a cikinta zuwa kusan kashi 20 cikin 100, sannan na kunna wa wasan Steam Input, tsarin Steam da ke sarrafa saƙonnin hannun wasa. Alhamdulillahi, zanen farko ya fita ba kuskure.